DARASIN WATA: KARATUN ILMIN ABINCI A JAMI'A



Kwanan baya mun ziyarci wani ajin yaƙi da jahilci a ƙasar Gummi. Bayan an tashi, wani dattijo ya tare mu da tambaya. Ya ce 'yarsa tana sakandare, kuma ta ce in ta gama tana son ta tafi jami'a ta karanta ilmin abinci. Ya ce, "Malam, yarinyar da ta iya tuƙa tuwo tun tana shekara goma, me kuma za a koya mata a kan abinci? Ashe sai an je jami'a ake koyon girki?"

'Yan aji suka yi dariya. Amma tambayar tana da nauyi, kuma mun san ba shi kaɗai ke da ita ba. Saboda haka darasinmu na wannan wata amsa ce gare shi, da duk wani uba ko uwa a Anka da Gummi da Bukkuyum. Ku karanta a hankali. In kun gamu da kalma mai wuya, ku duba ƙarshen darasi.

MENE NE ILMIN ABINCI?

Girki shi ne sanin yadda ake dafa abinci ya yi daɗi. Ilmin abinci kuwa shi ne sanin abin da ke cikin abincin, da aikin da yake yi bayan ya shiga ciki. Mai wannan ilmi ya san abin da ke gina tsoka, da abin da ke ƙara jini, da abin da ke ƙarfafa ƙashi. Ya san abin da mai ciki ke buƙata, da jariri, da tsoho, da mai ciwon sukari. Ya kuma san dalilin da ke sa yaro ya rame alhali kullum cikinsa a cike yake da kunu.

Wannan na ƙarshe shi ne babbar damuwarmu. A binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018, an gano cewa kusan rabin yaran Jihar Zamfara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Ku duba fa, jihar da take taƙama da noma. Muna noma gero da dawa da masara da wake da gyaɗa, muna da shanu da awaki, ga kifi a Gulbin Zamfara. Gaskiya ne talauci da rashin tsaro sun hana mutane da yawa gonakinsu, kuma ambaliyar da ta auka wa Gummi a 2024 ta ci gidaje da gonaki. Amma har a gidan da rumbu yake cike, akan sami yaro mai tamowa. A irin wannan gida, sani ne ya yi ƙaranci.

ABIN DA YA FARU A ANKA DA BUKKUYUM

Babu wanda ya manta da shekarar 2010. A wannan shekara yara suka riƙa mutuwa a 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum, da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji a ƙasar Anka. Yaro zai kama amai, sai jijjiga, sai rai ya yi halinsa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne. Da ƙungiyar likitoci ta MSF ta zo aka auna jinin yaran, sai aka gane gubar dalma ce. Dalmar tana cikin duwatsun zinariya da ake kawowa gida ana dakawa, ana niƙawa. Yara kimanin 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga garuruwan, aka yi na Bagega a 2013, aka kuma yi wa dubban yara magani.

To, ina ruwan wannan da ilmin abinci? Ruwansa guda uku ne.

Na ɗaya, gubar ta bi ta baki. Ƙurar dutse ta sauka a kan hatsin da aka shanya, da turmi, da ƙwarya, da hannun yaro mai rarrafe. A wasu wurare injin da ya niƙa dutse shi ya niƙa hatsi.

Na biyu, cikin yaro ya fi na babba tsotsar dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in yaro da babba suka haɗiyi dalma daidai wa daida, abin da zai shiga jinin yaron ya ninka na babban sau 4 zuwa 5.

Na uku, yaron da ba ya samun abinci mai kyau ya fi kowa shiga haɗari. Jiki yana buƙatar sinadarin ƙarfe domin yin jini, da sinadarin kalsiyam domin yin ƙashi. In waɗannan suka yi ƙaranci, hanji yakan buɗe ƙofa yana nemansu, sai dalma ta bi ta wannan ƙofa ta shige. Haka kuma ciki marar komai ya fi cikin da ke da abinci tsotsar gubar.

A kula da kyau: abinci ba ya warkar da gubar dalma. Maganinta yana asibiti, rigakafinta kuma shi ne a raba dutsen zinariya da gida da yara. Amma ku duba yadda dutse da turmi da hanji da jini suka haɗu a magana ɗaya. Irin wannan haɗin shi ake zuwa jami'a a koya. A 2010 yawancin masanan da suka gano mana shi daga nesa suka zo. A 2022 MSF ta miƙa aikin gubar dalma ga hukumomin jiha. Baƙo raɓa ne. In ya tafi, wa zai tsaya mana in ba 'ya'yanmu ba?

ABIN DA AKE KOYA A JAMI'A

Karatun digiri na ilmin abinci yakan ɗauki shekara 4 a yawancin jami'o'i. Tsari yakan bambanta kaɗan daga wata jami'a zuwa wata, amma ga yadda yake bisa jimla.

Shekara ta farko ta harsashi ce. Ɗalibi zai ƙara ƙarfi a kan lissafi da darussan kimiyya uku: kemistiri, wato ilmin sinadarai, da bayoloji, wato ilmin halittu masu rai, da fiziks.

A shekara ta biyu ake shiga jikin ɗan Adam. Za a bi loma tun daga baki zuwa tumbi, zuwa hanji, zuwa jini, zuwa hanta. Za a koyi rukunonin abinci. Akwai masu ba da ƙarfi, kamar gero da dawa da shinkafa da mai. Akwai masu gina jiki, kamar wake da gyaɗa da nono da ƙwai da kifi da nama. Akwai masu kare jiki daga cuta, kamar zogale da rama da yakuwa da kabewa da mangwaro da gwanda. A ɗakin gwaji ɗalibi zai auna abinci da hannunsa, ya ga abin da ke ciki.

A shekara ta uku ake koyon abincin kowane mutum: mai ciki, mai shayarwa, jariri, ɗan makaranta, tsoho. Ana kuma koyon abincin marasa lafiya, kamar masu ciwon sukari da hawan jini da ciwon ƙoda. Akan tura ɗalibi asibiti ko masana'antar abinci na wasu watanni domin ya ga aiki da idonsa.

A shekara ta huɗu ake koyon aiki cikin jama'a: yadda ake auna yaran gari guda, a ƙidaya masu tamowa, a gano dalili, a tsara mafita. Kowane ɗalibi zai yi bincike nasa ya rubuta. Ɗan Bukkuyum yana iya yin nasa a kan kunun da ake yaye yara da shi a ƙauyensu.

ƊANƊANO DAGA CIKIN KARATUN

Domin ku tabbata wannan karatu ya wuce tuƙa tuwo, ga abubuwa biyar daga cikinsa. Kowanne kuna iya aiki da shi yau.

1. Hatsi da wake abokan juna ne. Abin da ke gina jiki sunansa furotin. A cikin kashi 100 na gero, furotin kamar kashi 11 ne. A wake ya haura kashi 20. A gyaɗa kamar kashi 25. A waken soya ya haura kashi 35. Bayan haka, furotin ɗin hatsi yana da giɓi, wake ne ke cike shi. Na wake ma yana da nasa giɓin, hatsi ke cikewa. Ashe kakanninmu da suka haɗa dawa da wake, suka yi ɗanwake da tubani, sun yi dabara babba. Jami'a ta zo ta bayyana dalili.

2. Tsararon kunu yana yaudarar uwa. Cikin yaro ɗan wata 8 bai fi ƙaramin kofi ba. In aka cika shi da kunu mai ruwa-ruwa, yaro ya ƙoshi da ruwa ke nan. A dama kunu da kauri, yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba. A sa masa garin gyaɗa ko na waken soya da aka soya, da ƙaramin cokali na mai. Mai yana ba da ƙarfi fiye da ninki biyu na gari. Yaro ɗan wata 6 zuwa 8 a ba shi abinci sau 2 ko 3 a yini, ban da nono. Daga wata 9 zuwa shekara 2, sau 3 ko 4, da ɗan abin taɓawa a tsakani.

3. Nonon uwa ya isa har wata 6. Dakashi, wato nonon farko mai kauri mai ruwan ɗorawa, kada a matse shi a zubar. Shi ne rigakafin farko na jariri. Daga haihuwa zuwa wata 6 a ba da nono zalla, ko ruwa ba a buƙata, domin mafi yawan nono ruwa ne mai tsabta. Bayan wata 6 a fara abinci, a ci gaba da nono har shekara 2.

4. Shayi yana tare sinadarin ƙarfe. Mai ciki da ke fama da ƙarancin jini, in ta ci wake ko zogale, kada ta bi shi da shayi nan take. Ta bari a ɗan jima. Abin da ke taimakon jiki ya tsotsi sinadarin shi ne lemo, da gwaiba, da tumatir, da garin 'ya'yan kuka. Ta kuma je awo ta karɓi ƙwayoyin ƙarin jini.

5. Gyaɗa mai funfuna guba ce. Funfunar da ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe sosai ba tana fitar da dafi mai lalata hanta. Dafuwa ba ta kashe shi. A tsince masu baƙi da masu ɗaci a zubar. Kada a ce a yi wa yara ƙuli-ƙuli da su don gudun asara.

ABIN DA MASU WANNAN ILMI SUKA YI WA DUNIYA

A 1933 wata likita mai suna Cicely Williams tana aiki a Accra, babban birnin ƙasar da yanzu ake kira Ghana. Ta lura da wata cuta mai kumbura ƙafafun yara, gashinsu ya yi ja, fatarsu ta saɓule. Ta saurari matan garin, ta ji suna kiran cutar kwashiyoko, wato ciwon da ke kama yaro in aka yi masa ƙane. Ta gane cewa yaron da aka cire daga nono aka bar shi da kunun masara zalla shi ke kamuwa. Har yau da wannan suna likitocin duniya ke kiran cutar. Mu ma mun san ta. Ita ce ke kama yaron da aka yaye da gaggawa saboda kwanika. Ku sani, nonon mai ciki ba guba ba ne. Yaye na farat ɗaya ba tare da abinci mai gina jiki ba, shi ne haɗarin.

A 1996 wasu masana a Faransa, cikinsu har da likita André Briend, suka haɗa gyaɗa da garin madara da sukari da mai da sinadarai a ɗan ƙunshi guda. Ba ya buƙatar dafuwa, ba ya buƙatar ruwa. A yunwar 2005 a Jamhuriyar Nijar, MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani da irinsa, yawancinsu a yankin Maraɗi, kuma mafi yawa a gidajen iyayensu suka warke. Shi ne abin da muke kira madarar tamowa. Magani ne na yaron da aka rubuta wa. Wanda ya sayar da shi a kasuwa, ko ya raba wa manya, ya ci haƙƙin marar lafiya.

Haka nan gishiri mai sinadarin aidin da ya rage maƙoƙo a ƙasar nan, da ɗigon bitamin A da ake ba yara duk wata 6 domin kare su daga dundumi da makanta, duk aikin masu ilmin abinci ne.

HANYAR ZUWA

Hanya tana farawa daga firamare, shekara 6. Sai ƙaramar sakandare, shekara 3. Sai babbar sakandare, shekara 3. A nan ne mararraba take. Dole yaro ya shiga ajin kimiyya tun daga farkon babbar sakandare. Wanda ya bi wani aji, ƙofar ta rufe masa sai ya sake. Iyaye da yawa ba su san haka ba sai lokaci ya ƙure. Ku je makaranta da kanku ku tambayi shugaba ajin da aka sa ɗanku.

A jarrabawar WAEC ko NECO ana son kiredit 5: Turanci, lissafi, kemistiri, bayoloji da fiziks. Bayan haka sai jarrabawar JAMB. Sharuɗɗa sukan canza, saboda haka a duba littafin JAMB na shekarar kafin a cika takarda.

Daga cikin wuraren da ake wannan karatu akwai Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ibadan, da Jami'ar Nijeriya ta Nsukka, da Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Abeokuta. Wanda bai sami jami'a kai tsaye ba, akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda ake yin difloma ta shekara 2, da babbar difloma ta wasu shekara 2. Mai difloma mai kyau yana iya neman shiga jami'a daga baya. Wanda ke son aiki a asibiti, yana tsara wa marasa lafiya abinci, zai ƙara shekara 1 ta sanin makamar aiki a babban asibiti bayan digiri.

Ba za mu ɓoye muku ba, karatun yana cin kuɗi: rajista, littattafai, wurin kwana, abinci, kuɗin mota. A nemi hukumar ba da tallafin karatu ta jiha. Tun 2024 kuma gwamnatin tarayya ta buɗe asusun ba ɗalibai rance mai suna NELFUND. Dangi ma suna iya haɗa hannu. In ana iya tara kuɗin biki, ana iya tara na karatu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

INA AIKIN YAKE?

Mai wannan digiri yana iya aiki a asibiti, ko hukumar lafiya matakin farko, ko ma'aikatar lafiya, ko NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, ko ƙungiyoyi irin su UNICEF da MSF, ko kamfanin sarrafa abinci, ko ya koyar. Yana kuma iya kafa sana'arsa, yana haɗa garin kunun yara daga gero da waken soya da gyaɗar da muke nomawa. Ba mu yi wa kowa alkawarin aikin gwamnati ba. Amma buƙatar tana nan a gabanmu, kowa yana ganinta a layin asibiti.

Muna ƙara jan hankali a kan 'ya'ya mata. A garuruwanmu tukunya tana hannun mace, yaro yana bayan mace. Namiji baƙo ba ya shiga cikin gida. 'Yar gari mai ilmi kuwa za ta yi sallama ta shiga har gindin murhu. Ta san abin da ake dafawa da rani da abin da ake ci da bazara in rumbu ya yi ƙasa. Za ta yi magana da harshen da inna da gwaggo za su gane, ba sai da tafinta ba. Ɗan gari shi ya san lungu.

Wannan ita ce amsarmu ga dattijon Gummi. Baba, 'yarka ta riga ta iya tuwo. Abin da za ta je nema shi ne sanin da zai hana jikokinka shiga layin tamowa. Ka sa mata albarka ta tafi.

KAFIN SU DAWO

Shekara 4 ba kwana 4 ba ne. Kafin ɗalibanmu su dawo, ga awo biyu da kowace uwa za ta iya.

Awon dantse: ana yinsa ga yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5, da wani ɗan tef mai launi uku da ake samu wurin ma'aikatan lafiya. A naɗa shi a tsakiyar dantsen hagu. Kore, lafiya lau. Ruwan ɗorawa, yaro ya fara ramewa, a kai shi a duba. Ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, tamowa ce mai tsanani, a tafi asibiti a ranar.

Awon kumburi: a danna bayan ƙafafun yaro duka biyu da babban yatsa, a ƙirga ɗaya, biyu, uku, a ɗaga. In rami ya zauna a ƙafa biyun, wannan ba ƙiba ba ce. A tafi asibiti ba tare da jinkiri ba.

SABABBIN KALMOMI

Sinadari: ɗan abin da ke cikin abinci ko ƙasa ko ruwa, wanda ido ba ya gani.
Furotin: sinadarin da ke gina tsoka.
Kalsiyam: sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi da haƙori. Yana cikin nono da ƙananan kifi da ake ci da ƙaya.
Digiri: takardar shaidar gama jami'a.
Kiredit: sakamako mai kyau a jarrabawar gama sakandare.

TAMBAYOYI

1. Mene ne bambancin girki da ilmin abinci?
2. Me ya sa yaro marar abinci mai kyau ya fi saurin kamuwa da gubar dalma?
3. Faɗi darussa 5 da ake son kiredit a cikinsu.
4. Me za a ƙara wa kunun yaro domin ya gina jiki?
5. Me za a yi in awon dantse ya nuna ja?

AIKIN AJI

Kowane ɗalibi ya rubuta abin da ƙaramin yaron gidansu ya ci jiya, tun daga safe har dare. A kawo aji. Malami ya zana gida uku a allo: masu ba da ƙarfi, masu gina jiki, masu kare jiki. A sa kowane abinci a gidansa. Gidan da ya zauna babu komai, a tattauna abin da ke akwai a garinku mai araha da zai cike shi. Sannan a rubuta sunayen yaran garin da ke ajin kimiyya a sakandare, maza nawa, mata nawa. Ku aiko mana da abin da kuka samu ta hannun malaminku.

Allah Ya raya mana zuriya, Ya ba mu lafiya da zaman lafiya. Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.